Zarton da aka bar wa Baba amana

Ranar zaman makokin Baba ina daga cikin gida ina jin abin da maza ke faɗa a zaure, don katangar da ta raba mu ba ta da kauri. Tsoffin ma'aikatan gidan waya suka ce tsawon shekarun da ya yi yana rarraba wasiƙun mutanen Dogon Dutsi ba a taɓa jin ya buɗe ta wani ba. Liman ya ce bai tuna ranar da ya juyo bayan sallama ya rasa shi a sahun farko ba, sai da ciwo ya kwantar da shi. Wan Baba, wanda muke kira Baba Babba, shi ne ya yi magana daga ƙarshe. Ya ce ƙanen nasa mutumin kirki ne, sai dai ya ƙare tsufansa a wasan yara, da ƙarfin da ya zuba a yankan katako ya zuba shi a gona da rumbunansu sun fi haka cika. Sai wani ya ce a yi wa mamaci addu'a.

A cikin gida kuma mata ne ke ta shigowa. Wata Bafillatana da ke kawo mana nono daga wajen Dogon Kiriya ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan madubi mai gidan katako, an huda shi da zanen ganye, ta ce shekara takwas ke nan da ya ba ta shi ranar da nata ya fashe a ƙofar gidanmu. Ta yi ta nuna wa mutane tana kuka. Uwar mijina, Inna, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Abin da ta ce kawai shi ne ta yi shekaru tana yi masa faɗa a kan garin katako da ke shiga mata tuwo, yanzu ba ta san wanda za ta yi wa ba.

Duk na ji su, kuma duk gaskiya suka faɗa gwargwadon saninsu. Amma akwai abin da ba wanda ya ambata, ni kuwa ina tsoron in shekara ta zagayo ya zama ba a tuna komai game da shi sai cewa tsoho ne mai yanka katako. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni matar ɗansa ce. An kawo ni gidan a shekarar da ƙasarmu ta samu mulkin kai, wata biyu bayan haka aka tura maigidana koyarwa can gabas mai nisa, aka bar ni wajen iyayensa. Kowa ya san kunyar da ke tsakanin mace da uban mijinta. Baba bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah. In yana son magana da ni sai ya ce da Inna ta kira masa ƴar lakwal, saboda na yi makarantar boko har na iya karatu da rubutu da Faransanci. In na zo sai in shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakin aikinsa daga waje, in kawar da fuska gefe, shi yana ciki.

Ɗakin nan ƙarami ne, yana kusa da zaure. Tun da ya aje aikin gidan waya, in ya dawo daga sallar asuba ya sha kununsa, can yake shiga har rana ta take. Katakon da yake aiki da shi na akwatunan shayi ne da ƴan kasuwa ke ajiye masa, mai laushi, bai kai kaurin ɗan yatsa ba. Sai ya manna takardar zane a kai da koko, ya huda kowane gurbi da basilla, ya zura bakin zarton ta hudar ya ɗaure, ya yanke, ya kwance, ya koma huda ta gaba. Bakin zarton siriri ne ƙwarai, shi ya sa ake kiransa tsinke, kuma daga Yamai ake kawo shi. Wani akwatin goro da ya yi, na taɓa ƙirga hudojinsa na gaji na bari. Ba ya sayar da ko ɗaya. In an ce ya sa kuɗi sai ya ce shi ba kafinta ba ne, kada a ci wa kafintoci kasuwa. Maganar da ya fi maimaitawa kuwa ita ce zarto ba a tura shi, rakiya ake yi masa. Yana faɗinta a kan katako, yana faɗinta in aka kawo masa ƙarar yaro mai taurin kai.

Su huɗu ne masu wannan sha'awa a duk yankinmu, iyakar sanina. Akwai Baba, akwai likitan da ke Matankari, akwai wani malamin boko da ke koyarwa a Dumega, wanda muke kira mushe kamar yadda ake kiran malaman lakwal, sai kuma wanda ya koya musu duka, wani ɗan Dahome da suka daɗe suna aiki tare da Baba a gidan waya. Shi Kirista ne. Lahadin farko na kowane wata, in ya taso daga cocinsa, sai su haɗu a zaurenmu, likita ya zo bisa kekensa. Mushe yana da nisa, sai lokacin hutun makaranta yake zuwa, sauran watanni yakan ba direban mota ƙunshin aikinsa da wasiƙa. Kowa ya fito da abin da ya yi, a ɗaga shi a hasken ƙofa, a juya. Ba sa yi wa juna kara ko kaɗan. Na sha jin ɗan Dahome da Hausarsa mai gargada yana ce wa likita reshen nan nasa ya yi kama da ƙafar jaki, su yi ta dariya. In za su rabu sai su yi musayar takardun zane, kowa ya tafi da na wani.

Ni nake karanta wa Baba wasiƙun. Ya ce rubutun mushe da na likita kamar tafiyar tururuwa yake, ya gaji da shi. A lokacin na yarda da hakan.

A shekara ta biyu na haifi ɗa namiji, ƙyanda ta ɗauke shi yana da wata tara. Maigidana bai samu zuwa ba sai wasiƙa. Na zauna a ɗaki ba na ci ba na fita, Inna ta yi lallashi ta yi faɗa, duk a banza. Baba kuwa ba shi da hanyar da zai yi mini gaisuwa fiye da Allah ya ba da haƙuri da ya aiko ta bakin Inna. Wata safiya sai ga Inna da zartonsa na hannu da guntun katako an riga an manna masa zane, da tsinkaye a naɗe cikin takarda. Ta ce ya ce hannunsa na ciwo, ga kuma aiki ya yi alkawari, in taimaka masa. Kunya ta hana ni cewa a'a.

Tsinke bakwai na karya a kan katakon nan. Duk wanda ya karye sai in aika masa guntayen in jira faɗa, sai Inna ta dawo da sabo ba tare da wata magana ba. Daga baya na san cewa rabin abin da yake da shi ke nan, kuma ba a samun wani sai mota ta je Yamai. Kwana goma na yi a kai, kuma a cikin kwana goman nan na fara cin abinci ban ma lura ba. Da na gama, ya haɗa shi cikin ƙunshin da zai aika Dumega, bai ce na wa ne ba.

Amsa ta zo, na zauna a bakin ƙofa na karanta da bakina. Mushe ya ce hannun Baba ya lalace, layukan sun karkace, kusurwoyin duk a cije suke, ko ɗan shekara goma ba zai aiko da wannan ba. Na karanta har ƙarshe. Daga ciki Baba ya ce:

"Ya hwaɗi gaskiya. Sai mu gyara."

Tun daga ranar nake yanka. Har ya rasu bai gaya wa ko ɗaya daga cikin abokansa cewa aikina ne ba, sai ni da na gaya wa mushe a wasiƙar sanar da rasuwa.

Ɗan Dahome yana da abin da sauran ba su da shi, wato zarton ƙafa. Gindinsa na baƙin ƙarfe ne kamar na keken ɗinki, ana taka shi, igiyar fata ta juya, tsinken ya yi ta hawa da sauka, mutum na riƙe da katako da hannu biyu. Abin da Baba ke yi a mako, shi yana yi a yini. Duk suna sha'awarsa, yakan bar su su taka in sun je gidansa.

Shekara uku da ƴan watanni bayan mulkin kai aka samu saɓani tsakanin ƙasarmu da tasu, aka ce ma'aikata ƴan Dahome su koma gida. Kwanaki kaɗan aka ba su. Ranar da abokin Baba zai tafi, da hantsi, sai ga amalanke a ƙofar gidanmu ɗauke da zarton, ba wurin sa shi a motar da za ta kwashe su da iyali. Ya ce da Baba ya riƙe masa, rigimar nan ta manya ce, wata shida ko shekara za su shirya ya dawo ya ɗauka. Ya ce ya yi ta aiki da shi kafin nan. Baba ya ce zai riƙe. Na hango su ta tsagar ƙyaure, tsofaffi biyu riƙe da hannun juna, an rasa wanda zai fara saki, har direba ya aiko a ce masa ana jira.

Baba ya sa aka ɗora zarton kan duwatsu huɗu saboda gara, ya rufe shi da tsohuwar rigarsa. Duk Juma'a da safe sai ya yaye rigar, ya goge, ya ɗiga mai a gaɓoɓin, ya juya da hannu sau biyu ko uku, ya mayar da rigar. Bai taɓa ɗora ƙafa a kai ba. Inna ta ce ai mai shi ya ba shi izini. Ya ce mutumin da ake kora daga gari kome zai iya cewa, kuma in wani abu ya karye a ciki ba inda za a samu madadinsa.

Wasiƙu uku suka zo daga Kwatano, can ƙasar Dahome, a shekarar farko. Ɗan Dahome ya ce bai samu aiki ba tukuna, suna zaune gidan ƙaninsa, yana tambayar kowa da kowa. Daga nan sai shiru. Mu dai muna ta rubutawa.

Faɗan ya faru ne a shekara ta biyu da tafiyarsa, wata Lahadi da mushe ya zo hutu. Likita ya ce a yi maganar gaskiya, ƙasashen sun shirya, waɗanda za su dawo sun dawo, mutumin nan ba zai dawo ba. Ya ce ƙarfe in ba a aiki da shi mutuwa yake yi, a riƙa zagayawa da zarton, kowa wata huɗu. Baba ya ce ba su uku aka ba wa ba, shi aka ba wa. Magana ta yi tsawo. Likita mutum ne mai saurin fushi, sai ya ce to shi ya gane, Baba ya hana ne don ya san shi ba zai iya mora ba, tunda yanar ido ta rufe masa gani, ya daɗe da lura layin zane ma laluben sa yake yi da yatsa.

Ina bayan katanga ina tankaɗe na ji wannan magana. Sai a ranar na gane dalilin karatun wasiƙu.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce da likita tunda shi likita ne, da ya ga ciwo ai gefe ya kamata ya ja shi ya gaya masa, ba ya ajiye sai ranar gardama ba. Ya tashi ya shiga gida ya bar su a zaure. Likita ya hau kekensa, bai sake zuwa ba. Mushe ya yi ta kai da komo da wasiƙu har ya gaji, daga baya shi ma aka canza masa wurin aiki. Lahadin farkon wata ta zama kamar kowace Lahadi. Duk da haka Baba yakan sa a share zauren a shimfiɗa tabarmi uku.

Idon ya ci gaba da tafiya. Ya bar ƙananan zane ya koma manya, ya bar manyan ya koma goge abin da na yanka da ɓallin kwalba, don wannan yatsa ne ke yi. Yakan shafa aikina ya ce nan kin yi gaggawa, kuma ko da yaushe wurin da ya nuna nan ne. Gogar Juma'a kuwa bai fasa ba, da lalube yake yi.

Bara, kafin girbi, tari ya kama shi har muka cire rai. Cikin kwanakin nan aka kawo wasiƙa mai kan sarkin Dahome, rubutun bayanta ba wanda na sani ba ne. Kullum a gabansa nake buɗe wasiƙunsa. Wannan na shiga ɗakina na buɗe ni kaɗai. Daga babban ɗan mutumin ce. Ya ce mahaifinsu ya rasu bayan doguwar jinya, sun tarar da wasiƙun Baba cikin kayansa, shi ya sa suka ga ya dace su sanar. Bai ambaci zarto ba.

Na ce a raina bari ya samu sauƙi tukuna. Na sa ta ƙarƙashin tufafina a akwati. Ya samu sauƙin, sai na ce bari ya ƙara ƙarfi. Duk ranar da motar wasiƙu ta shigo gari yakan tambaya ko akwai wani abu daga kudu, in ce babu. Karo na farko da ƙyar ta fito, daga baya bakina ya saba. Ina zaune ina kallonsa yana ɗiga mai ranar Juma'a yana cewa in mutumin ya zo zai tarar da abinsa kamar jiya ya bari. Ko Inna ban gaya wa ba.

Bana da damina ta ja baya tarin ya dawo, kuma shi kansa ya san wannan karon daban ne. Wata safiya ya sa aka kira ni, ya ce Inna ta zauna ta zama shaida. Ya ce in ya tafi, zarton nan a hannuna ya bar shi. In riƙa sa masa mai, kada in bari wansa ya sayar, in riƙe har mai shi ya zo. Ya ce in amsa masa.

Na kasa. Na tashi na ɗauko wasiƙar, na dawo na zauna a inda na saba zama, na karanta masa daga farko har ƙarshe, ina juya masa da Hausa ko da yake yana jin Faransancin, don dai in ja lokaci.

Ya yi salati a hankali. Sannan ya tambaya yaushe ta zo. Na ce bara kafin girbi.

"Ke kika buɗe ta?"

Na ce ni ce.

"Ashe shekara guda ina riƙe da kayan marayu ban sani ba."

Inna ta ce tausayinsa ne ya sa yarinyar nan ta yi haka, ya duba halin da yake ciki a lokacin. Ya juya fuskarsa bango. Kwana uku bai sa an kira ni ba. Ban taɓa jin gida ya yi mini faɗi kamar kwana ukun nan ba.

A rana ta huɗu ya aika Matankari a ce da likita ya zo, don duk garin ba wanda ya san yadda ake kwance zarton sai shi. Likita ya zo a ranar, kansa ya yi fari fat. Suka gaisa doguwar gaisuwa, aka tambayi iyali da gona da ruwan bana, ba wanda ya taɓo abin da ya wuce. Aka tallafo Baba aka zaunar da shi a ɗakin aiki. Likita ya yaye rigar, ya tsaya yana kallo, babu ko ɗigon tsatsa. Ya ce ko zai ɗan taka sau ɗaya kafin a kwance. Baba ya ce da nasa ne da ya ce ya taka, amma yanzu masu shi suna Kwatano. Likita ya sunkuyar da kai ya ce ya sani. Ya kwance shi gaɓa-gaɓa, yana naɗe kowace da tsumma, Baba na tuna masa wadda ke biye. Da ya gama ɗaure akwatin sai ya durƙusa ya duba idon Baba ya daɗe, ya ce da shekara huɗu baya ne da an iya yin wani abu a Yamai. Baba ya ce haka Allah ya so. Likita ya fita zaure, na ji yana fyace hanci.

Da la'asar aka ce ƴar lakwal ta zo da takarda da alƙalami. Ya yi wa magada gaisuwar mahaifinsu, ya lissafa musu abin da ke cikin akwatin har tsinkaye goma sha ɗaya da aka bari tare da shi. Sannan ya ce in rubuta cewa saƙonsu ya iso tun bara, jinkirin daga gare shi ne, su yafe masa. Na aje alƙalamin na ce Baba, ni ce na yi, bari in rubuta haka.

"Abin da aka yi cikin gidana ni na yi shi. Rubuta, ɗiyata."

Na rubuta. Aka kama hannunsa aka kai wurin da zai sa hannu.

Likita ya samu direban da ke zuwa Gaya, wanda ya san wani mai tsallakawa Dahome, aka ɗora akwatin. Baba ya yi kwana goma sha shida bayan haka. Ya rasu ranar Talata da hantsi, Inna na riƙe da kansa, maigidana yana kan hanya bai iso ba. Allah ya jiƙan wannan bawa nasa, ya yafe masa kurakuransa, ya riƙe shi yadda ya riƙe wa mutane kayansu.

Amsar magada ta zo bayan sadakar arba'in, sunan Baba ne a bayanta. Na kai wa maigidana, ya ce in buɗe. Ɗan mutumin ya yi godiya sosai, ya ce akwatin ya iso lafiya, ba su ma san mahaifinsu ya bar wani abu a Nijar ba. Ya ce a cikinsu ba wanda ya iya wannan aiki, gidan kuma ba fili, don haka sun ba wani tela maƙwabcinsu gindin ƙarfen ya ɗora kan kekensa na ɗinki a kai, sauran suna nan a bayan ɗaki in Baba ya san wanda zai so.

Na karanta ta sau biyu a tsaye a tsakar gida, na ninke. Wannan karon babu wanda zan ɓoye wa.